Man da Inna Kulu Ta Zaɓa wa Bindigar Baba

Ranar da kuka taru a nan gidanmu na unguwar Gesse bayan sallar layya, kai babban, wanda ka san bakina ba zai kira sunanka ba ko a takarda, ka shigo ɗakina da wani ɗan gwangwani mai jan tsinke a baki. Ka tsaya a gaban bindigar kakanku da ke rataye a bango kana murmushi, ka ce man feshi ne na zamani, ba ƙarfen da ke gagararsa, bari yau a gyara ɓarnar Kaka Kulu. Ƙannenka suka kwashe da dariya, har da matanku, waɗanda yawancinsu ko ganin Kulun ba su taɓa yi ba. Na ce ka fitar min da abin nan daga ɗaki, kuka ce tsufa ya fara taɓa ni. To, ba tsufa ba ne, haushi ne, kuma haushin ya daɗe. Tun kuna yara duk wadda ta cika mai a miya sai ku ce ta yi irin ta Kaka Kulu, wadda ba ta san bambancin tukunya da bindiga ba. An ce in yi shiru ne, na kuwa yi. Waɗanda suka ce in yi shirun duk sun riga mu gidan gaskiya, ni ma gwiwoyina sun fara gaya min magana. Don haka ku natsu ku ji yadda aka yi.

Baba Manu, mahaifina, maharbi ne a unguwarmu ta bakin gulbi a Argungu. Yana noman shinkafa a fadama kamar kowa, amma ka kira shi manomi ka ga yadda fuska ke ɓaci. Bindigar nan da kuke gani adaka ce, ta baki ake ɗura mata albarushi, kunamarta kuwa na riƙe da ɗan dutse irin na ƙyastu. In an saki kunama sai dutsen ya sari ƙarfe, tartsatsi ya faɗa kan albarushi, ta tashi. In saran bai yi ƙarfi ba, ba wuta, sanda ce kawai a hannun mutum. Ku riƙe wannan, don duk labarin a kansa yake.

Da ruwan farko ya sauka ake rufe daji, namun daji su samu su haihu, ranar kuwa a gidan kowane maharbi ana wankan bindiga. Wayyo ranar nan! Har yau in hadari ya haɗo na ji ƙamshin ƙasa, sai hancina ya shiga neman warin albarushi a bayansa. Inna, wato Kulun da kuke yi wa dariya, ita ke dafa ruwa a babbar tukunya har ya tafasa. Baba ya zauna kan turmi a tsakar gida, ya toshe 'yar ƙofar wuta da tsinke, ya tsiyaya ruwan zafi ta bakin bindiga, ya girgiza, ya zubar. Na farko baƙi ƙirin yake fitowa yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, kaji ma gudunsa suke yi. Haka zai yi ta yi har ruwan ya fito fari tas, don ya ce tokar albarushi in ta kwana a ƙarfe ta haɗu da danshin damina, tsatsa ta samu gida. Sai ya naɗa tsumma a sandar ɗuri ya goge ciki, ya jingine ta a rana har hannu ba ya iya taɓawa. Sannan a zo kan mai. Man kaɗe kaɗai yake yarda da shi, wanda Inna ta narka a sabon kasko ta tace da ƙyalle, cokalin miya bai taɓa shiga cikinsa ba. Ya shafe ciki da waje, ya kwance gidan kunama, wanda sau ɗaya ake buɗewa a shekara, ya bi ƙananan ƙarafan ciki da gashin kaza. Ya mayar, ya naɗe ta a tsohon zane, ya rataye. Daga nan ba mai ƙara ɗana kunamar, don dokar maharba ce ba a ɗana ta a gidan da yara ke yawo, ko da ba komai a cikinta. Sai kaka ta yi, ranar gwaji, a gindin tsamiyar da ke bayan darninmu. Nan maharba ke taruwa kowa ya ɗura ya harba sama a gaban Sarkin Baka, shugabansu. Wanda tasa ta ƙi tashi ya zauna gida a shekarar, ba roƙo, ba a dawo gobe.

Shekarar da nake ba ku labari ita ce shekarar cikina na fari. Babanku, Allah ya ji ƙansa, lokacin yana ɗinki a kasuwar Birnin Kebbi, shi ya rako ni gida haihuwa gab da faɗuwar ruwa. Mutum ne mai son ya burge suruki, sai ya zo da 'yar kwalbar man keken ɗinki a aljihu. Ya durƙusa a zaure, ni ina laɓe a bakin ƙofa ina jin kunyar abin da zai faɗa.

"Baba, ga wani ɗan mai, shi nika sa ma kekena. Na ce ko bindiga ta so shi."

Baba ya buɗe ya shinshina, ya murza tsakanin yatsu.

"Man ga na da kyau, Allah shi yi ma albarka. Amma na ƙarhen da aka taɓawa kullum na, ka sa yau, jibi ka ƙara. Tawa barcin damana guda za ta yi. Kahin ta hwalka, wanga ya tsere ya bar ta tsirara."

Ai babanku bai san ya tsokano magana ba. In dai an zo kan mai, Baba ba ya gajiya, ko da tuwo na hucewa a gabansa. Ya bi masa su ɗaya bayan ɗaya kamar mai zagin maƙwabta. Manja, in ji shi, gayyatar tururuwa ne da kyankyaso. Man shanu yana fasa wari, kuma ba ka da tabbacin mai shi ba ta taɓa gishiri da hannun ba. Baƙin man mota da samari suka fara yayi kuwa, in ya haɗu da tokar albarushi sai ya zama kwalta a cikin bindiga. Kalanzir ya yarda da shi don cire tsatsa, amma a goge shi fes, ba a barin ƙarfe ya kwana da shi. Da ya zo kan man gyaɗa sai ya ɗaga murya, har Inna da ke sheƙa a tsakar gida ta dakata da faifai a hannu.

"Shi ko man gyaɗa munahuki na. Ranar da kas sa shi ƙarhe har rawa shika yi don santsi. Bari watanni su wuce cikin zahi da danshi, ka iske ya koma danƙo, ya riƙe kunama kamar an ɗaure ta. Duk wanda yas sa ma bindigatai man gyaɗa, ba shi son ta tashi."

Yanzu ku ji abin da ke gabanmu a shekarar. Da kakar da ta wuce wata dorina ta sauka a gulbinmu, ta maida shinkafar fadama tata. Abin da ba ta ci ba ta kwanta a kai. Ta kife jirgin wani masunci, da ƙyar aka tsamo shi. An kai kuka ga hukuma, kafin izini ya zo ruwa ya janye ta bi shi, amma kowa ya san da shinkafa ta yi ido za ta dawo. Sarkin Baka ya tsufa ƙwarai, ya faɗa a gaban jama'a cewa wanda ya ja gaba aka raba mutane da dabbar nan, shi zai miƙa wa sarautar tun yana raye. Ba a yi musu ba, kowa ya san Manu ne. Makaɗan maharba har sun fara tsayawa a ƙofar gidanmu suna gwada sabon kirari, Baba yana korarsu yana murmushi. Abin da ya yi ƙuruciyarsa da girmansa yana jira ke nan.

Sai dai ban yi mako a gida ba na lura da abin da ban so. In mutum ya yi sallama a zaure, Baba ba ya kiran sunansa sai ya ƙara magana. In zai ɗauki buta sai hannunsa ya fara sauka gefe. Na tambayi Inna rabon da a ci naman zabo a gidan, ta ce tun tsakiyar rani, wai Baba ya ce zabin bana sun yi wayo. Da na kai masa fura na dubi idanunsa a hasken rana, na ga yana ta fara rufe su, fari-fari kamar an ɗiga nono a ruwa. Maharbi ya yarda a ce talaka ne, ya yarda a ce mafaɗaci ne, amma ba ya buɗe baki ya ce ba ya gani. Dorina kuwa da asuba ake tare ta, cikin hazo, daga cikin jirgi, kuma ba ta jiran ka murza ido.

Ranar wankan bindiga ta zo. Komai ya tafi yadda aka saba, ruwan zafi, tsumma, rana, man kaɗe. Ina zaune kan tabarma a inuwar rumbu da cikina a gaba ina ɓarar gyaɗa. Baba ya kwance gidan kunama ya ajiye a kan fata, ya ɗauki gashin kaza, sai na ga yana dangwala shi a kan fatar, ba a kan ƙarfen ba. Ya sake, ya sake. Sai ya ajiye gashin. Mutumin da ko zanen bindigar ba ya bari mace ta taɓa, shi ne ya juya ya ce:

"Kulu, zo ki bi min cikin ga da mai. Yatsunki sun hi nawa sirantaka. Ni bari in tai in kama ruwa."

Inna ta karɓa. Ta tsaya tana kallon bayansa har ya sha kwana, yana tafe yana shafa bango da hannu. Sai ta shiga ɗaki ta fito da 'yar kwalbar man gyaɗarta ta miya. A kan idona ta tsoma gashin kazar nan, ta bi kowane lungu na ƙarfen, ta cika shi har yana ƙyalli. Sannan ta lakato man kaɗe ta shafe sama-sama don ƙamshi ya rufe.

"Inna," na ce, "wanga ai ba shi na ba."

"Ke ji da cikinki," ta ce, ko dubana ba ta yi ba.

Baba ya dawo ya lalubi ƙarfen, ya ji santsi, ya ce madalla. Ya ɗaure, ya naɗe, ya rataye.

Kada ku ce rashin sani ne. Inna 'yar maharbi ce daga wajen Augie, tun ba ta kai aure ba take narka wa mahaifinta man kaɗe. Mahaifin nata ma ya ƙi ajiye bindiga da girma ya zo, rannan a cikin tabarma aka dawo da shi daga daji. Ta san mai fiye da rabin mazan da ke taruwa a gindin tsamiyar nan.

Daminar nan ita ce mafi daɗin da na yi a duniya, kuma ita ce mafi nauyi. A tsakiyarta na haife ka, kai mai gwangwani. Ruwa ya cika fadama har ido ba ya ganin ƙarshensa, shinkafa ta yi kore shar, kwaɗi na ta kuka, masunta na wucewa ta bayan gida suna jefo mana tarwaɗa don mai jego. A tukunyar da aka dafa ruwan bindiga Inna ke dafa min ruwan wanka safe da yamma, tana fyaɗa min ganye a baya ina ihu tana ce min raguwa. Ga kunun kanwa, ga gasasshen nama da yaji. Baba kuwa da la'asar sai ya ce a miƙo masa abokinsa, ya ɗora ka a cinya yana bin fuskarka da yatsa, yana cewa hancin nan nasu ne, kunnen ne dai na masu ɗinki. Yana yi maka alkawarin haƙorin dorina. Duk sanda ya faɗi haka sai in dubi zanen bindigar da ke rataye a bango, in kau da kai. Da na yi arba'in hanya ta yanke don ruwa, ga shi haihuwar fari, aka ce in zauna sai kaka. Rannan da hantsi muna wanki ni da Inna, na kasa daurewa.

"Inna, in anka gane hwa? Kin san abin da sarautag ga take gare shi. Kunya za ya sha gaban mutane."

Ta matse zanen da ke hannunta har ruwan ya ƙare.

"Na sani. Na roƙe shi tun rani, ya ce in ƙara hwaɗin idonai in tahi gidanmu. In na kai ƙara ga Sarkin Baka na tona mai asiri, ba shi yahe min har mutuwa. Ke kina son uba mai jin kunya, ko kina son kabari mai kirari? Ni na ga kabarin, Nana. Kirari ba ya amsa sallama."

"In ya tambaye ni hwa?"

"Ba shi tambayarki. Ki rihe bakinki, ko bayan raina, muddin akwai wanda zancen zai taɓa."

Na yi tunanin in gaya masa, wallahi na yi, ba sau ɗaya ba. Kalanzir kaɗan da ruwan zafi sun isa su gyara komai kafin gwaji. Amma duk sanda na buɗe baki sai in ga hannunsa na laluben buta, in haɗiye maganar.

Shinkafa ta yi ido, dorina ta dawo kamar yadda aka zata. Aka sa ranar gwaji. Da hantsi gindin tsamiya ya cika, maharba da rigunansu na layu, makaɗa, manoman fadama, mu mata muna leƙe ta ramukan darni, kai kana goye a bayana. Aka fara daga ƙanana. Kowa ya ɗura ya harba, hayaƙi ya tashi, yara su yi ihu. Wani ƙaton saurayi da ake kira Dogo, wanda Baba ne ya koya masa ɗurin albarushi, tasa ta yi ƙara har tsuntsaye suka watse daga tsamiyar. Baba aka bari ƙarshe don girmamawa. Ya fito da farar hularsa, kiɗa ya canza, ya ɗura a natse da hannun da ya san aikinsa ba sai da ido ba. Ya ɗaga bakin bindiga sama ya ja kunama baya. Ni da ke nesa na ga kafaɗarsa ta tsaya, don ya ji nauyinta. Ya saki. Maimakon ta sara, sai ta sauka a hankali kamar tsohuwa za ta zauna. Ko ƙyas ba a ji ba. Makaɗa suka tsai da kiɗa. Ya sake ja, ya sake saki, haka dai.

Sarkin Baka ya sa aka kwance gidan kunamar a wurin. Ga danƙo nan ja-ja ya kama ko'ina. Tsohon ya kai hanci, ya ɗago yana duban Baba da mamaki.

"Manu, man gyaɗa? Kai?"

Baba ya karɓi ƙarfen ya shinshina. Ya daɗe da shi a hanci. Ya juyo da fuskarsa wajen darninmu, ko da yake na san ba ya ganin komai sai inuwa, sannan ya ce:

"Ni nas sa."

Ba wanda ya yarda. Mutumin da ya ishi gari da wa'azin mai? Aka fara gunaguni, wani ya ce to in shi ya sa, me ya same shi da bai gani ba? Kalmar nan ta gani ita Inna ke tsoro. Kafin in ankara ta ja mayafi ta zagaya, ta durƙusa daga nesa, macen da ba a taɓa jin muryarta a waje ba.

"Ranka shi daɗe, ruhin asiri shika yi min. Ni nan narka man. Na ga na kaɗen ya yi kaɗan, sai niƙ ƙara da na gyaɗa don shi yalwata, kamar yadda muka yi ga miya. Na ce mai duk mai na. Shi ko mura gare shi ranar, bai ji ƙamshi ba."

Wurin ya fashe da dariya. Har da masu riƙe ciki. Wani ya ce Allah ya kiyaye mu da taimakon mata, wani ya ce saura ta sa mata daddawa. Dariyar nan ita ta rufe zancen ido, ba wanda ya ƙara tuna shi. Tun daga ranar sunan ya bi ta, Kulu mai man gyaɗa, a bakin rijiya, a gidan biki, har ya gangaro ya iske ku. Sarkin Baka ya ce doka doka ce, bana Manu ya huta.

Dogo ya ja gaba. Yadda suka ba da labari, dorinar ta taso musu daga ƙarƙashin ciyawa ta gefen da ba a zata ba, Dogo ya hango ruwa na motsi ya yi tsalle kafin ta daki jirgin, ta raba shi biyu. Sauran suka gama da ita daga gaɓa. Dogo da kansa ya ce wanda bai ga motsin ruwan nan ba, ba zai kwana a duniya ba. Aka naɗa shi Sarkin Baka. Yaron kirki ne, ya aiko mana da kaso babba na naman, Baba ya ce a raba wa maƙwabta.

Kada ku ɗauka abin ya zo da sauƙi. Makaɗa suka daina tsayawa a ƙofarmu. Zauren da ke cika da maharba kowace yamma ya koma sai Baba da tabarmarsa, in an buga tambarin fita daji sai ya shige ɗaki ya ja ƙofa. Bai daki Inna ba, bai zage ta ba, bai kore ta ba, amma ya ɗauke mata magana. In ta ajiye tuwo ya ci, in ta gaishe shi ya amsa da ka. Gidan da kullum ana faɗan wasa a kan gishirin miya ya yi tsit. Kafin in koma Birnin Kebbi na gan shi zaune da kalanzir da ruwan zafi yana kankare danƙon nan da farce, da lalube, kwana da kwanaki, har kunamar ta dawo tana sara kamar sabuwa. Na gaya wa Inna ina kuka. Ta ce ta ji ƙarar. Ta rame a ranin nan har zanenta na zagaya ta sau biyu. Gwajin baɗi na nan tafe, daji bai ƙare da abin kisa ba, kuma ta san ba zai ƙara miƙa mata gashin kaza ba.

Da ruwan farko na shekara mai zuwa ya kusa, na matsa wa babanku sai da ya kawo mu ganin gida, don zuciyata ta ƙi kwanciya. Kai lokacin kana rarrafe kana cin ƙasa. Idanun Baba sun ƙara rufewa, da muryata ya gane ni. Ranar wanka Inna ta dafa ruwa kamar kullum, ya wanke, ya goge, ya shanya, ba mai ce wa wani komai. Ya kwance gidan kunama ya ajiye a kan fata, ya miƙa hannu yana jiran kasko. Sai Inna ta fito da kasko biyu. Ta ajiye ɗaya a damansa, ɗaya a hagunsa, ta durƙusa.

"Malam, ga na kaɗe, ga na gyaɗa. Bara na zaɓa maka ba da saninka ba, na ko sha abin da nis sha. Bana ba ni ɓoye maka komi. Ka zaɓa da hannunka."

Ya ɗauki na dama ya shinshina, ya ajiye. Ya ɗauki na hagu ya shinshina. Kai kuwa ka rarrafo ka dafa gwiwarsa kana jan gemunsa. Ya sa hannu ya lalubi ƙafarka, ya ji ta yi kaushi don rarrafe. Ya daɗe yana murza 'yar ƙafar nan. Sai ya tura kaskon man kaɗe wajena.

"Nana, ɗauki wanga ki shahwa ma abokina ga ƙahwa, duk ta tsage."

Ya laluba ya ɗauki gashin kaza, ya miƙa shi inda ya ji numfashin Inna. Karo na farko ke nan da ya kira sunanta tun ranar tsamiya.

"Kulu, cika mata. Kada ki yi rowa irin ta bara, da kalanzir kaɗan ta hita."

Inna ta yi dariya, dariyar ta koma kuka, ta cika gidan kunamar nan da man gyaɗa har yana ɗiga a kan fata. Shi ya ɗaure da kansa, ya naɗe, ya rataye. Da kaka ta yi ya aika wa Dogo cewa Kulu ta sake yi masa irin ta bara, gari ya ƙara shan dariya, su biyu suna cikin gida suna faɗa a kan gishirin miya. Ya rayu har ya ga aurenka, kai babban, da kunne dai ba da ido ba, kuma kowace shekara in ruwan farko ya sauka sai ya ce Kulu ta kawo kwalbarta a ƙara.

Wannan danƙon da ka zo da gwangwani za ka narkar, shi ya sa ka san kakanka, har ya koya maka ɗaurin ƙugiya a bakin gulbi. Ban ce manka ba shi da kyau ba, na ji an ce yana aiki, ka kai shi can ka fesa wa ƙofar gareji. Bindigar nan kuwa a bar ta yadda masu ita suka bar ta. In na mutu wanda ya gaje ta ya goge mata ƙura daga waje, ya ƙyale kunamar. Kuma daga yau, duk wanda na ƙara ji ya ce Kaka Kulu ba ta san mai ba, ko ɗa ne ko jika, ba zai ci tuwona ba.